"Ku Shigo"

Aimé Verdier ubana ne, amma ba ni da abin kirki da zan faɗa a kansa sai ɗaya: ya iya aski. Ina 'yar firamare ya rufe shagonsa a Montluçon, ya bi wata mai sayar da turare zuwa Marseille, ya bar uwata da mu uku. Sai da mai turaren ta mutu, gwiwa ta ƙi, sannan ya tuna hanyar gida. Ya kama ɗaki a saman gidan burodi, yana ta yawo da hula a hannu kamar mai neman gaisuwa. Ni ko kallo bai ishe ni ba, balle magana.

Duk Alhamis ƙungiyar masu son fim kan haɗu a tsohuwar silimar unguwa, a kalla, a yi muhawara. Na daɗe ina zuwa. Kwatsam shi ma ya zama ɗan ƙungiya, mutumin da bai taɓa kai mu silima ba!

Ran nan aka sa wani tsohon fim mara kala. Uba ya gudu ya bar iyali, ya dawo da furfura, ya ƙwanƙwasa. 'Yarsa ta buɗe, ta dube shi, ta ce, "Ku shigo." Shi ke nan fim ya ƙare. Mu kuwa a nan 'ya "kai" take ce wa ubanta. "Ku" na baƙo ne, na mai karanta mitar wuta.

Madam Pouget mai jagorancin muhawara ba ta rufe baki ba ubana ya miƙe.

"Ta yafe masa! Ba ta buɗe ƙofa ba? Kunya ce kawai ta riƙe mata harshe."

"Haba tsoho, zauna," in ji wani ɗalibi. "Da bakinta ta mai da shi baƙo."

"Kai yaro, ka taɓa haihuwa? Jini ai jini ne!"

Kowa a zauren ya san ko shi wane ne, ya san inda nake zaune. Raina ya gama ɓaci. Fim ɗin mutane ya mai da kotu, yana son a yanke masa hukunci a bainar jama'a, uwata kuwa tana kabari ba mai tambayarta. Sai ya juyo wajena.

"Maryse, 'yata, ke faɗa musu."

Na miƙe na ɗauki jakata. "Malam, in kun gama, mutane na son tafiya gida."

Ya zauna a hankali. Na ce a raina, yau dai ya ji.

Washegari na shiga sayen burodi, matar mai gidan ta riƙe min hannu tana murmushi.

"Madalla, Maryse! Tun safe babanki ke faɗa wa duk wanda ya shigo, wai jiya 'yarsa ta yi masa magana."