Ranar da Na Sha Lissafin Kawuna

Ko tsufa ya kwashe min tunani, ba zan manta ranar da na sha lissafin kawuna ba.

Kawun nan nawa masanin kimiyya ne, yana koyarwa a wata jami'a a Abuja. Aikinsa nazarin ƙananan ƙwayoyin da aka gina duniya da su, waɗanda shi kansa bai taɓa gani ba. Ba inji, ba kwalba. Allo da alli kawai, sai tagumi. Mu dai a gidanmu na unguwar Magajiya, inda yake zaune tare da mu, muka ce to, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Wata da watanni yana cika wani baƙin allo a ɗakinsa da lissafin da zai gabatar a taron masana, kuma ƙarin girmansa a kan wannan taron ya rataya. Mutum da digiri har uku, amma dabarar ɗaukar hoton allon da waya ba ta zo masa ba.

Ni kuwa jarrabawar gama sakandare ta matso, ga shi ni da lissafi ba ma ga-maciji. Kakata, mahaifiyarsa, ta leƙa ɗakin, ta ga zane-zane da kibiyoyi, ta ce lallai wannan hatimi ne. Yana fita aiki ta wanke allon tas a ƙwarya, ta miƙo min.

"Shanye, maigidan. Ga ilimi a gida, a ce ka faɗi?"

Na yi bismilla na shanye. Alli ne zalla.

Da yamma kawu ya dawo, ya sha cunkoson motoci na Madalla a hanyar Abuja, ya tsaya a ƙofar ɗaki kamar an dasa shi.

"Inna, ina aikina?"

"Yana cikin yaron nan. Ai bai fita waje ba."

Ya zauna a ƙasa, idonsa ya cika da hawaye. Wallahi ranar ya ba ni tausayi.

Taro ya wuce shi, ƙarin girma ya bi taro. Da ya sake lissafin daga farko, sai ya gano ashe akwai kuskure tun a layukan sama. Sakamakona ya fito, na faɗi lissafi warwas. Kakata ta dube shi ta ce, "Ashe gurɓatacce ka rubuta. Ka cuci yaro."

Abin da na koya shi ne, in kana aikin da mutanen gidanku ba su gane ba, zauna ka yi musu bayani, ko ka sayi kwaɗo. In ba haka ba, masu ƙaunarka ne za su wanke maka shi.