Allin Gwaggo

Tun Asabar na kasa zama wuri guda. Mun je bikin al'adun mutanen duwatsu a nan Greensboro, ana kiɗan banjo, 'yan rawa na dukan ƙasa da takalma, sai ga wata tsohuwar Baturiya tana kaɗin zare. Ta miƙo min mazari. Yatsuna suka shiga laluben alli, babu, zaren ya tsinke.

Marigayiya Gwaggo ba ta murza mazari sai ta dangwali alli. Ranar da ta zaunar da ni koyo ta ce, "Ke uwar gaggawa, shafa tukuna!" Na yi jifa da mazarin na fice.

Yanzu 'yata ta dame ni: "Mama, koya min mana." Me zan koya mata?

Gwaggo, Allah Ya haskaka kabarinki, ni kuma Ya yafe min taurin kai.