Kulu Mai Alkaki da Baƙin Hutu

A unguwar Kabara in ka tambayi gidan Kulu mai alkaki, kowane yaro zai nuna maka, amma daga bakin lungu zai tsaya ya ce ka ƙarasa da kanka. Muryarta suke gudu. Doguwa ce siririya, hannuwanta duk tabon fallatsin mai, kuma in ta fara faɗa har maƙwabta na uku sai sun san abin da aka yi mata.

Waɗanda suka san ta tun tana budurwa sun ce da ba haka take ba. A gidan aka haife ta, ita kaɗai ce mace tsakanin yayanta Auwalu da ƙaninta Ilu. Mahaifinsu ɗan koli ne a Kasuwar Kurmi. Mazan suka yi boko suka kama aiki, Auwalu a Abuja, Ilu a Kaduna. Ita kuwa aka yi mata aure a Ƙofar Na'isa, ta haifi 'ya ɗaya, Sa'ida, yarinyar ba ta daɗe da yaye ba mijin ya rasu. Tana fita takaba Inna mahaifiyarsu ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Kulu ta dawo gida jinya da nufin ta yi 'yan watanni, jinyar ta cinye shekaru. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce wankin ƙazanta. Manema suka yi ta sintiri har suka gaji. Da Inna ta cika, mazan suka zo da manyan riguna suka karɓi gaisuwa a ƙofar gida, aka yi addu'a, suka koma bakin aikinsu. Aka bar Kulu da 'yarta, da tsohon gida mai yoyo, da sana'ar da ta koya a hannun Inna: tuyar alkaki da dubulan da dakan nakiya na garar amare.

Bayan rasuwar ne Auwalu ya bugo waya.

"Kulu, yaran nan ba su san gida ba. Hausar ma sai a hankali. Zan turo miki su hutu, su ga dangi, ki ɗan gyara mana tarbiyyarsu."

"Ba komai Yaya," in ji ta. "Ai gidansu ne."

Da farko ta ji daɗin abin, don suna ƙanana. Akwai Nana Hauwa, wadda Auwalu ya sa wa sunan Kulun, sa'ar Sa'ida ce, sai ƙaninta Hashim. Da Ilu ya ga haka shi ma ya fara haɗowa da ɗansa Abdulbaqi. Tuwo ɗaya, tabarma ɗaya, tatsuniya, shi ke nan.

Amma yara ba sa tsayawa. Kafin ta farga sun zama samari da budurwa, kuma an daina ma tambayarta. Duk dogon hutu, duk Sallah, sai dai ta ji direba yana sallama a zaure da akwatuna. Iyayen su tafi Umara, ko su zauna su huta abinsu. Yaran su yi barci har hantsi ya dubi ludayi, su tashi suna mitar sauro da zafi. A ɗauke wuta su tambaye ta yaushe za a kawo, sai ka ce ita ke riƙe da makunnin. Ruwan da 'yan ga-ruwa suka turo a kura tun daga bakin titi, Hashim shi kaɗai zai ƙarar da shi a wanka. A tuƙa tuwo da miyar kuka su leƙa kwano su rufe, kowa ya ce ba ya jin yunwa, an jima ka ji suna dafa taliya da man da ta ware don tuya. Sa'ida kuma ta sauka daga gadonta ta bar wa Nana, ta koma tabarma a ɗakin uwarta.

Babbar Sallah ta fi kowane lokaci ci mata rai. Auwalu yakan aiko da rago, wai yara su ga yadda ake layya a gida. Shi yana can. Kulu ce za ta nemo mahauci, ita ce wankin kayan ciki, ita ce babbakar kai, ita ce zaman bakin murhu tana suya har idonta ya yi jawur, yaran suna tsaye daga nesa suna ɗaukarta a waya suna toshe hanci. In hutu ya ƙare a cika kwalla da soyayyen nama a sa musu a mota. Wata shekara matar Auwalu ta bugo. Kulu ta ɗauka sannu da aiki za ta yi mata, sai ta ji ta ce, "Gwaggon yara, naman bana yaji ya ɗan yi yawa." Kulu ta ce za a kiyaye. Tana ajiye wayar ta ɗauki murfin tukunya ta maka shi da bango, sannan ta juya kan Sa'ida ta zazzage ta tas a kan tsintsiyar da ta bari a tsakar gida.

Haka abin yake kullum. 'Ya'yan Yaya ba a taɓa su, kada a ce ta tsane su. Yaya kansa ba a yi masa musu. Duk abin da ya taru a ƙirjinta, a kan Sa'ida yake sauka.

A dogon hutun da Nana ta cika shekara sha shida, damina ta yi nisa, Kulu ta karɓi aikin gara mafi girma da ta taɓa samu, na wata Hajiya Larai ta Yakasai da za ta aurar da 'yar autarta. Ita da Sa'ida suka duƙufa. Suka barza alkama, suka kwaɓa, suka murza, suka soya, suka tsoma a zuma. Kwalla ta cika a rufe a kai ɗakin Inna, wanda tun rasuwarta ba mai kwana a ciki. A nan ne jeren Innar yake har yanzu, tasoshinta da akusanta da kwanukan da ta zo da su gidan aure.

Ana saura kwanaki kaɗan biki Auwalu ya kira.

"Takwararki za ta yi ɗan bazde ranar Asabar. Ba wani taro ba ne, 'yan ƙawayenta ne na nan Kano za su leƙo, a yanka kek a watse."

Kulu ta buɗe baki ta ce ga aiki a gabanta, ga gidan Malam mai makarantar allo a jikin nasu da ɗalibai suna karatu. Abin da ya fito shi ne, "To Yaya, Allah ya raya."

Ranar Asabar bayan Azahar ta tafi Kurmi ƙaro zuma, ruwan sama ya tsare ta a rumfa. Sai bayan La'asar ta shigo lungunsu, tun daga nesa ta jiyo kiɗa. Motoci sun toshe bakin hanya. Malam maƙwabcinsu yana tsaye a ƙofar gidansa, carbi a hannu, da ta gaishe shi bai ce komai ba sai, "Malama Kulu, a gidan Inna ne kuwa?" Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Zaure cike da samari masu wani irin aski. Tsakar gida an ɗaure balan-balan a igiyar shanya, an jingine turminta da kaskonta a bakin makewayi, an kafa sifika a kan murhu. Ɗakin Inna a buɗe. An fito da jeren an shirya a kan tabarma, 'yan mata sun yi layi, kowace ta ɗora akushi a ka a ɗauke ta hoto, suna ta shewa. Ga kwallayenta nan a wangale. Alkakin Hajiya Larai ne a hannun kowa, wani an gutsura an yar, ruwan sama ya jiƙa shi a ƙasa. Wata yarinya da ba ta san ko wace ce Kulu ba ta miƙo mata faranti ta ce, "Mama ki ɗanɗana, wallahi da daɗi."

Sai ga Sa'ida ta fito daga madafa da tire cike da kofuna. Kulu ba ta san lokacin da ta isa gare ta ba. Ta ɗauke ta da mari, tiren ya tarwatse.

"Kina ina aka buɗe ɗakin nan? Ke gawa ce? Uban wa ya ba su makulli?"

Wani ya kashe kiɗan. Sa'ida ta dafe kunci, ba ta yi kuka ba. Nana ce ta matso, da rawanin takarda mai ƙyalli a kanta.

"Gwaggo, ba ita ba ce. Ta hana. Ni na kira Mami, ta ce in ɗauki duk abin da nake so, wai gidan ubanmu ne. A ƙarƙashin filonki na ɗauko makullin."

Kulu ba ta ko dube ta ba. Ta sake ɗaga hannu kan Sa'ida, don hannun can ya saba zuwa. Yarinyar ta ja da baya ta yi magana a gaban kowa.

"Dake ni, Umma. Ai ni ce ba ni da uban da zai bugo waya. Tun ina firamare ban taɓa yin hutu ba, wanke-wankensu nake yi. Su yi laifi ki zage ni. Kawu ya kira ki ce ba komai, ki ajiye waya ki huce a kaina. In kin isa, shi ki faɗa wa."

Hannun Kulu ya tsaya a sama. Ba a taɓa yi mata irin wannan tsaurin ido ba, kuma ta nemi kalma ɗaya ta ƙarya a ciki ta rasa. Wannan ya ƙara tunzura ta. Ta juya kan baƙin ta ce duk wanda ba a gidan nan aka yanke masa cibiya ba ya fice kafin ta ɗauko muciya. Aka yi ta rige-rigen takalma a zaure. Sannan ta kwance bakin zani ta ciro waya, ta sa ta a amsa-kuwwa yadda yaran za su ji.

"Kulu, ya taron?" in ji Auwalu da fara'a.

"Yaya, gobe ka turo direba ya kwashe maka 'ya'yanka."

"Subhanallahi, me ya yi zafi?"

"Komai ma. Na yi jinyar Inna ni kaɗai, kana aiko da gaisuwa. Na gama, ka mai da ni mai reno. Ka taɓa tambayata ko ina da lafiyar da zan karɓe su? Ka taɓa cewa Sa'ida ta zo Abuja ko na kwana ɗaya ta ga ɗakin Nana? Tarbiyyar da ka ce in gyara, kai me ya hana ka yi? Yau matarka ta ba da izini an buɗe ɗakin Inna, an yi wasa da kwanukanta, an rabar da amanar mutane. Na mari 'yata a kan laifin 'yarka, Yaya. Ka ji abin da ka mai da ni."

Nan take muryarsa ta sauya.

"Ki iya bakinki, Kulu. Gidan nan na gado ne, ba naki ba ne ke kaɗai. In zaman ya ishe ki sai a raba kowa ya kama nasa."

"A raba," ta ce, ta kashe wayar.

Washegari direba ya zo. Nana ta durƙusa a bakin madafa tana kuka tana ba da haƙuri. Kulu ta ce ta tashi, ba da ita take ba, amma ba ta ɗago ta dube ta ba. Hashim ya daɗe yana susar ƙeya kafin ya ce, "Gwaggo, ni fa guda biyu kawai na ci." Abdulbaqi ma ya bi su, za a sauke shi a hanya.

Kulu ta yafa mayafi ta tafi Yakasai da ƙafarta ta faɗa wa Hajiya Larai abin da ya faru, ba ta rage komai ba. Hajiyar ta ji, ta yi salati, ta ba wata mai tuya rabin aikin. Ragowar Kulu ta sake soyawa ita kaɗai, don Sa'ida ta shige ɗakinta ta ƙi fitowa, ita kuma ba ta kira ta ba. Haƙuri dai bakinta bai iya furta shi ba. Abin da ta iya shi ne, da aka kai gara ta dawo, ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Hutu bai ƙare ba. In kina so ki je gidan baffanninki a Ƙofar Na'isa, ki shirya in raka ki." Sa'ida ta tafi, ta yi zamanta har aka koma makaranta. Ta dawo suna magana, sai dai ba kamar da ba, kuma tun daga ranar Kulu ba ta ƙara ɗaga mata hannu ba.

Sallar da ta biyo baya ba rago, ba akwatuna. Ilu ya yi ta kiran waya yana cewa ta ba Yaya haƙuri, babba ne. Ta ce masa shi ma da sauran bayaninsa a wurinta, ya bari sai ya zo. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Bayan wasu watanni wani dillali ya yi sallama a zaure, ya ce Alhaji Auwalu ne ya turo shi ya duba gida ya yi masa kima. Kulu ta fito da matsamin tuya a hannu, mai yana ɗiga.

"Koma ka ce masa ban hana rabo ba, haƙƙinsa ne. Amma ba da aike ba. Ya zo da kansa, shi da Ilu, su shiga ɗakin da uwarsu ta yi shekaru a kwance, su faɗa mini a can."

Dillalin ya nemi ta bar shi ya leƙa ko tsakar gida ne. Ta ce ya gwada. Ya sa takalmansa ya tafi.

Har yau ba su zo ba, ita ma ba ta neme su ba. Tana nan a Kabara tana tuyarta, ɗakin Inna ta sauya masa kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Nana takan kira Sa'ida a ɓoye su daɗe suna hira, wani lokaci ta ce a ba ta Gwaggo. Kulu takan karɓa, ta amsa gaisuwa, ta tambaye ta karatu. In yarinyar ta ce Dadi yana gaishe ta, sai ta ce mai yana ƙonewa a wuta, ta miƙa wa Sa'ida wayar.