Lambar Ajidan

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Na yi dako a tashar Konni, na yi safarar mai da jarka ta bakin iyaka, na kwana a hannun jandarma. Da ƙarfi ya fara ja baya sai na kama gadi a gidan wani tsohon soja, kowa Ajidan yake ce masa. Shi ya koya mini eshek, darar nan ta Turawa mai doki da sarki. Ya ce kaina ya fi bakina aiki.

A shekarun dubu biyu aka buɗe siber kusa da kasuwa, ɗaki ne mai kwamfutoci. Can Ajidan yake zuwa yana wasa da mutanen wasu ƙasashe. Gefen sunansa akwai lamba. In ya ci ta hau, in an ci shi ta sauka. Matarsa ta rasu, kakinsa na cikin akwati. Lambar nan ce ta rage masa.

Sai ɓarin jikinsa ya shanye. Daga kwance ya ce mini, "Tai ka riƙe mini wurina. Kar su ce na gudu."

Ba na karanta harafi, amma na san lamba. Mai siber, wani ɗan kasuwa mai yawan ba'a, shi yake buɗe mini da sunan Ajidan. Ranar farko na takura abokin wasana, na cinye masa doki, sai aka kira azahar. Na tashi. A garinmu in ladan ya kira, 'yan dara barin itacensu suke yi cikin gurbi, kowa ya tafi masallaci, a dawo a ɗora, ba mai taɓawa. Na dawo na tarar da allon ya ɓace. Da la'asar haka. Washegari haka.

Na ga lamba tana zubewa, na tambayi mai siber.

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Kawu, kai ka zata Bature na jiranka ka yi alwala? Akwai agogo. In ka tashi, an ci ka ke nan."

"Ko ni ke gaba?"

"Ko kai ke bisa wuyanai."

Kullum in na koma gida Ajidan zai ce da karkataccen bakinsa, "Nawa?" In faɗa masa. Sai ya rufe ido.

Ɗiyarsa ta aiko cewa ƙarshen wata za ta zo ta ɗauke shi zuwa garin Tawa, wurinta. Na ƙudura sai na mai da lambar inda ya bar ta kafin a tafi da shi. Na koma wasa tsakanin salloli kawai. Sai wuta ta shiga yi mini nata. Ina tsakiyar wasa ɗaki ya yi ɗif, kafin a tada janareta an rubuta mini faɗuwa. In wuta ta zauna, rezo, wato layin intanet, ya tsinke. Wasu kuma da sun ga jinkirin layinmu sai su fice tun ba a motsa komai ba. Mai siber ya ce irin wannan ba a lissafa shi, ba ci ba faɗuwa. Wato shi wancan ya tafi lafiya, ni da aka yanke wa wuta a hukunta ni. Na daina cin abincin rana. Idona ya yi ja. Har addu'a na yi a kan wayar lantarki.

Na ci wasanni masu yawa. Kowane ci taki ɗaya ne, kowace yankewa ta mai da ni baya.

Ranar da mota ta zo, lambar ba ta kai ba. Saura kaɗan, amma ba ta kai ba. A lokacin maganar Ajidan ta ɗauke gaba ɗaya, sai ido. Aka fito da shi aka zaunar a kan tabarma a zaure, ana ɗaure kaya. Ya kafe ni da kallo. Na durƙusa na zana lambar a ƙasa da yatsa, yadda take.

Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙa ƙafarsa mai lafiya ya share. Na ɗauke shi na sa a mota.