Kek ɗin Shafin Ƙarshe

A shekarar 2022 aka rufe ɗakin karatun ƙauyenmu da ke tsaunukan Tasmaniya, littattafansa suka koma kan wata kanta a gidan burodin Noelene.

A gaban kantar nan wani dattijo yake tsaye da safiyar yau, cikin sanyin Yuli, wanda a nan shi ne tsakiyar hunturu. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, rigarsa ta ulu tana da tsohon faci a gwiwar hannu, ɗinkin mace mai haƙuri. Littattafan da yake zarowa iri ɗaya ne: an yi kisa a ƙauye ana dusar ƙanƙara, mai gasa burodi ta gano mai laifin. Ba ya duba farkonsu. Shafin ƙarshe yake buɗewa, inda ake bayyana yadda ake haɗa kek ɗin da ke cikin labarin.

"Baba Alwyn, satar amsa kake yi kuma?" in ji Noelene.

"Ke dai bari, 'yar nan. Gasa mini wannan mai citta. Matata Merle ta daina gane muryata idan ina karanta mata, amma ranar da ta ji ƙamshin kirfa sai ta ce, 'Alwyn, duba tanda!'"

"Na makon jiya da ka kai mata fa?"

Ya girgiza kai. "Ko kallonsa ba ta yi ba."

Wataƙila haka suka tsufa, yana karatu, tana kwaɓa fulawa.

Har yau Merle tana gidan kula da tsofaffi, ba ta sake kiran sunansa ba. Shi kuwa bai kai ƙarshen kantar ba tukuna.