Wane ne Malam An?

Matar yayana tela ce. Shagonta na kallon ƙofar makarantar cocinmu, kuma shekara ashirin ke nan ita ke ɗinka wa yara kayan makaranta. Aji shida kawai ta yi. Amma duk uwar da ta kawo gyaran wando sai ta zauna a kan bencinta ta amayar da abin da ke cinta, shi ya sa Mama Tela ke sanin malamin da ke duka tun kafin hedimasta ya sani.

Da Fada, limamin cocinmu, ya saka ta a kwamitin gudanar da makaranta, ni na riga ta da shekara tara, ina rubuta bayanan zama. Ranar farko ta zo da zare maƙale a zaninta, ta dube ni ta ce, "Maigida ƙarami, ka rubuta ni da kyau fa, ka san ni ba boko gare ni ba." Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Ita ta ce a raba wa ƴan mata banɗaki. Ita ta ce a riƙa kiran iyaye kafin a kori yaro, kuma duk sabon ɗan kwamiti ya wuni a aji ya ga yadda ake koyarwa. Ni kuwa in likitan da ke cikin kwamitin ya yi magana sai in rubuta "Likita ya ce". In ita ce, sai in rubuta "an ba da shawara". Shekara huɗu ina haka, ba wanda ya lura.

Sai shugaban kwamiti ya sauka. Ofishin Bishop ya turo wata Sista ta horar da mu kwana biyu, sannan a zaɓi sabo. Na riga na sa rai, har na kai kwat ɗina wanki. Sista ta karɓi littattafan bayanai ta karance su, washegari ta shigo ɗakin taro tana murmushi.

"Akawu, aikinka tsaf," in ji ta. "Amma akwai mutum ɗaya a nan da ya fi kowa kai. An ce, an kawo, an ba da shawara. Wane ne wannan Malam An? Shi nake so a tsayar."

Likita ya ce wataƙila shi ne. Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya ce ai shawarar banɗaki kamar daga bakinsa ta fito. Mama Tela kuwa tana ta tsinke zare daga gefen zaninta. Na tabbata in na kama bakina, kujerar ta wuce ta ke nan.

Sai dai akwai ƙaramin littafin da nake fara rubutu a ciki, inda nake sa harafin farko na sunan kowa a gefen maganarsa. Yana cikin jakata. Na fito da shi ba don raina ya so ba, na miƙa wa Sista, na nuna mata T ɗin da suka jeru shafi bayan shafi.

"Ashe kai ka ɓoye ni, maigida ƙarami," in ji Mama Tela. "Bari yayanka ya ji."

Ƙuri'a bakwai ta samu cikin tara. A zaman da ya biyo baya na rubuta "Shugaba ta ce" sau goma sha ɗaya. Kwat ɗin na nan rataye cikin ledar mai wanki.