Abin da Katanga ta Tare

A gidanmu na Kebbe, idan sanyi ya shigo, gindin murhun Kaka Ige muke taruwa bayan isha'i, kowane jika da gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Ni ne mijinta na wasa, don haka ni ke zama jikin ƙafarta, ni ke shan zungurin kara in na yi gyangyaɗi. Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma wadda muke naci a kai babu kura babu dila a cikinta.

"Ga ta nan," takan ce, "amma rabi nig gani, rabi za ni ba ku."

Tana da ƙuruciya ta taɓa zuwa Sakkwato, ta sauka a gidan wani ɗan'uwa da ke maƙwabtaka da silima, irin ta da marar rufi. Matar aure ba ta shiga can. Sai ta kife turmi ta taka, ta leƙa. Katangar silimar doguwa ce, saman allon kaɗai take hangowa, saboda haka mutanen fim ɗin daga ƙirji zuwa sama ta san su.

A nan ta ga wata Ba'indiya a allon. In Kaka ta zo kanta har muryarta takan sauya. Gashi baƙi wuluk, kwalli har gefen ido, ɗigo a goshi, zinari a hanci yana wal-wal. "Wagga mata in ta ɗaga ido, mazan da ke ciki sai su yi tsit awa an yi rashi. Kai maigida, da ka gan ta da ka sake ni!"

Da farko matar rawa take a wani babban gida. Daga baya aka kore ta, ta fito cikin ruwan sama ba gwal ba mayafi, tana duban ƙasa tana waƙa. Kaka ba ta ga hannuwanta ba, amma yadda kafaɗunta ke jijjiga ta san jariri ne take rarrashi. Can waƙar ta tsaya. Matar ta ƙura wa abin da ke hannunta ido.

"Nan anka kira ni, nis sauka."

"To barci ya yi ko mutuwa?" mu tambaya.

"Katanga ta tare."

Haushi yakan cika mu. Mu ƙago mata ƙarshe iri-iri, ta ƙi karɓa ko ɗaya.

Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini abin da ya kai Kaka birni. Jinyar ɗanta na fari ta je, ƙyanda ta kama shi. Ya samu barci ta fita tsakar gida ta sha iska, kiran da aka yi mata kuwa na rasuwarsa ne. Mu da muke yara mun ɗauka kyan matar ne ya hana ta mantawa.

Yanzu ina aiki a Tambuwal, kuma na daɗe ina tono tsofaffin finafinan Indiya a waya. Kaka ba ta san sunan fim ɗin ba, balle na matar. Nakan kai mata hotuna, ta kanga wayar a hanci saboda yanar ido, ta ce ba ita ba ce. Tausayinta yakan kama ni, in rasa inda zan sa kaina.

Zuwana na bayan nan na tarar da ita kwance, ta rame sosai. Na soma nuna mata wasu sababbin fuskokin da na samo, ta ture hannuna.

"Bar kyawun nan, maigida. Ɗan nan nika tambaya. Ya tashi?"

"Ban sani ba, Kaka."

Sai ta ce in ci gaba da nema, ita ba ta gaji da jira ba.